Kwana biyar a ajin koyon taimakon 'yan shaye-shaye

Aski nake yi a Tudun Wadar Zariya, kuma kowa ya san a kujerar aski ake amayar da abin da ke ciki. Shi ya sa da wata ƙungiya mai zaman kanta ta zo neman mutanen unguwa da za ta horar, su riƙa tallafa wa masu ciwon damuwa da 'yan shaye-shaye, mai unguwa ya ba da sunana. Babu likita a cikinmu: malaman Islamiyya, ungozoma, mai shayi, sai ni.

Kwana biyar muka yi a wani ɗakin taro wajen Ƙofar Doka. Darussan an tsamo su ne daga mhGAP, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 saboda wuraren da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci.

Rana ta uku ce ta biya ni. Nas ɗin da ke koyarwa ta sa ni na zama yaro mai shan tiramol, mai shayi kuma ya zama mai taimako. Ban rufe baki ba ya hau ni da "ka ji tsoron Allah". Ta ce, "Baba, dakata. Wannan faɗan ya sha shi a gida har ya ƙoshi. Tambaye shi yaushe rabonsa da barci." Kunya ta kama ni, don abin da nake yi wa yara ke nan, rezata a wuyansu. Ta koya mana mu tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa masa ra'ayin. Ta kuma shata mana iyaka: ba mu ba da magani. Wanda ya fara jijjiga ko jin muryoyi, sai asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ba mari da sarƙa ba.

Inda suka gaza kuwa, takardun duk da Turanci ne, na Hausar da aka yi mana alkawari har yau shiru. Ungozoma ta tayar da maganar matan aure masu shan kodin, duk da hana maganin tari mai kodin da aka yi a 2018, aka ce lokaci ya ƙure. Lambar da aka ba mu ta neman shawara, sau huɗu ina kira ba a ɗaga ba. Ga satifiket, wani cikinmu ya sa nasa a gilashi, har an fara ce masa dakta.

Duk da haka, in sun dawo ka je, amma ka tafi da biro da littafinka. Makon jiya wani yaro ya zauna askin minti goma, muka kai la'asar. Ya ce ranar Alhamis in raka shi Shika, da sharaɗin kada babansa ya ji tukuna.