Kiɗa mai sanyi ko mai zafi: amsa ga mai shiga gasar gina jiki karon farko

Ɗan'uwan da ya yi tambaya jiya cewa zai hau siteji karon farko a rukunin Classic Physique, wato rukunin da aka fi duba kyawun siffa da daidaiton jiki fiye da tarin nama, an ba shi minti 1 ya nuna jikinsa da kiɗa, kuma ya rasa wanne zai ɗauka tsakanin mai sanyi irin na fiyano da goge da kuma mai zafi irin na rap mai dukan ƙirji, toh bari in ajiye maka su gefe da gefe ka gani.

Kafin nan ka sani alƙalai sun riga sun yi mafi yawan aikinsu tun a zagayen farko, lokacin da aka jera ku ana kiran tsayuwar dole ɗaya bayan ɗaya. A naku rukunin guda 5 ne: dantse biyu ta gaba, ƙirji ta gefe, dantse biyu ta baya, ciki da cinya, sai wadda ka zaɓa da kanka. Manyan ƙatti na buɗaɗɗen rukuni, wanda ba a ƙayyade nauyi a cikinsa, su 8 suke yi. Wannan minti ɗayan na kiɗa shi ne kaɗai wurin da kai ke da iko, ka nuna inda Allah ya yi maka baiwa ka kau da idon mutane daga inda ka gaza.

Mai sanyi yana ba ka lokaci. Ka ɗaga hannu a hankali, ka matse, ka tsaya sakan 3 ko 4 kowa ya ƙare maka kallo, ka saki numfashi ka shaƙi wani yayin da kake juyawa. Irin hanyar su Frank Zane kenan wanda ya ci Mr. Olympia, babbar gasar gina jiki ta duniya, sau 3 daga 1977 zuwa 1979 alhali bai kai abokan karawarsa nauyi ba, sirantar ƙugu da yadda yake zuƙe ciki ya lafe ƙarƙashin haƙarƙari su suka yi masa aiki. Chris Bumstead ma da ya riƙe kambun Classic Physique na Olympia sau 6 daga 2019 zuwa 2024 ba gaggawa yake yi ba. Amma fa sanyin nan tonon silili ne da shi, in ƙafarka na rawa kowa zai gani, in ba ka iya sauyawa daga wannan tsayuwar zuwa waccan ba sai ka zama kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci.

Mai zafi kuma shi ke tada ɗaki. Ganga ta buga ka matse, ta sake bugawa ka juya, jama'a su ɗauki ihu, kamar dai yadda kiɗan 'yan dambe ke sa tsigar jiki tashi kafin a kai naushi. Ya dace da mai tarin nama irin Ronnie Coleman mai Olympia 8 daga 1998 zuwa 2005, wanda ko tsayawa kawai ya yi an ga abin kallo. Matsalar ita ce numfashi. Ranar gasa kana hawa ne bayan makonni kana takura wa cikinka, ga fitilu masu zafi, ga faɗuwar gaba. Akwai wani yaro a jim ɗinmu da ya nace sai rap, a gaban madubi abin gwanin sha'awa, amma da muka sa shi ya yi minti ɗayan a jere ba tsayawa, wajen sakan 40 bakinsa ya buɗe yana haki, cikin da ya sha wuya ya ƙanƙame ya fara hawa da sauka, kiɗan ya wuce ya bar shi a baya yana binsa. Kuma a mai zafi in ka kuskure bugu ɗaya ko wanda ke kujerar ƙarshe ya sani.

Ni dai da za ka ji tawa, tunda Classic ne kuma karon farko, ɗauki mai sanyi wanda ke ɗan hawa a ƙarshe, ka ajiye tsayuwar da ka fi ƙarfi a kai ta faɗo daidai wurin da kiɗan ya ɗaga. Tsayuwa 8 zuwa 10 sun ishe ka, kar ka cusa 20. Ka leƙa bidiyon Samson Dauda, haifaffen Najeriya mazaunin Ingila da ya ci Olympia ta 2024, ka ga yadda ƙato ke tafiya a tsanake duk girmansa.

Sai ƙananan abubuwa da ke kada mutane. Ka yanke kiɗan daidai lokacin da aka ba ka, ya fara nan take ba doguwar shimfiɗa, kar ya zama akwai ashar a ciki don gasanni da yawa sun hana, ka sa shi a filas biyu da waya. Kuma saura mako 2 ka daina gwaji a gaban madubi, ka jingina waya ta ɗauke ka daga nesa, don a kan siteji babu madubi sai fitila a ido.