Amfilifayar Jita Mai Bawul ko Na'urar Kwaikwayo: Amsa Ga Mai Kiɗa a Kan Janareta

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya kawo tambaya. Yana kaɗa jita a wuraren biki da taro, sautinsa yana bi ta miksa zuwa manyan lasifika, galibi kuma da wutar janareta ake aiki. Kuɗin hannunsa zai ishe shi ɗaya cikin biyu: ko amfilifaya mai bawul (ƙwayayen gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, irin na tsohon rediyo) ta hannu, ko na'urar dijital mai kwaikwayon sautin irin wannan amfilifaya. Abokan kiɗansa sun ce masa ta dijital "ba ta da rai", shi ne yake so a faɗa masa gaskiyar magana.

To Malam, abokanka ba ƙarya suke yi ba game da abin da kunnensu ya ji, sai dai yawanci ba abu biyu iri ɗaya suke gwadawa ba. Za mu zo kan wannan. Bari a fara da abin da ke cikin kowacce.

A cikin mai bawul, siginar jita tana fara shiga ƙananan bawul, galibi 12AX7, su ɗaga ta su ba ta launi. Daga nan sai manyan bawul na ƙarfi: EL34 a yawancin Marshall, 6L6 ko 6V6 a Fender, EL84 a Vox AC30. Bayansu akwai taransifomar fita, ita ke miƙa ƙarfin ga lasifika. Abin da ake yabo yana faruwa ne idan aka matsa wa bawul fiye da iyakarsa. Ba ya datse sauti kwatsam, a hankali yake danne shi yana ƙara masa kauri. Idan ka daki tsirkiya da ƙarfi, wutar da ke ciyar da bawul takan ɗan sauka na ɗan lokaci kafin ta dawo, sai ka ji sautin ya lanƙwasa a ƙarƙashin yatsanka. Ka rage maɓallin ƙara na jikin jita, gurnanin ya tafi, sauti ya wanke tas. Wannan amsawa ga hannu ita ce ake kira "rai".

Na'urar kwaikwayo lissafi take yi don ta fitar da duk wannan, kuma hanya biyu ce. Kamfanonin Fractal da Line 6 suna zana da'irar amfilifayar a cikin manhaja, bawul da bawul, kafasito da kafasito, shi ya sa maɓallan da ke allo suke aiki kusan yadda na asali suke yi. Kemper, wadda ta fito a 2011, ta zo da hanya ta biyu: ana tura wasu sautukan gwaji cikin amfilifayar gaske, a saurari abin da ya fito, na'urar ta koyi halinta. Quad Cortex da ToneX da manhajar NAM ta kyauta duk suna wannan aiki. Kamannin yana da ban mamaki, amma hoton saiti ɗaya ne aka ɗauka. Idan ka murɗa maɓallan ka yi nisa da inda aka ɗauke shi, galibi ba za ta bi ka yadda ta asali za ta yi ba, gara ka nemi wani hoton da aka ɗauka a saitin da kake so. Baƙin jinin da dijital ta yi kuwa, mafi yawansa gadon zamanin POD ne, jar na'urar kwaikwayo ta Line 6 ta 1998. Wanda ya yanke hukunci a wancan lokaci ya kamata ya sake saurare.

Yanzu ga inda ake tafka kuskure. Mai tsaye gaban Twin Reverb, amfilifaya mai bawul ta Fender, yana jin lasifika biyu masu inci 12 suna tura iska, sautin yana dukan bango yana dawowa, har a ƙafarsa yake jin sa. Abin da ke fitowa daga na'urar kwaikwayo kuwa sautin amfilifaya ne kamar an kafa mata makirufo a bakin lasifika, wato abin da ake ji a faifai. Wani ɗan fayil da ake kira IR ne ke ɗauke da halin akwatin lasifikar da makirufon. A wurin biki, jama'a ba sa jin amfilifayarka kai tsaye, abin da makirufo ya kai miksa suke ji. A wannan mataki, idan an daidaita ƙarar su biyun, ko ƙwararru sukan kasa bambancewa. Manyan ƙungiyoyi irin su Metallica da Axe-Fx, na'urar kwaikwayo ta Fractal, suke hawa dandamali, ba don ba su da kuɗin bawul ba.

In kana son gwaji na adalci, ka kashe IR, ka ɗauki fitar na'urar ka sa a ramin da aka rubuta wa RETURN a bayan mai bawul, in tana da shi, su biyun su fito ta lasifika ɗaya. Ka daidaita ƙararsu sosai, domin kunne kullum yana zaɓar wadda ta fi ƙara ko da kaɗan ne. Wani ya riƙa sauya maka ba tare da kana kallo ba.

Mafi yawan ƙorafin "ba daɗi" daga saiti yake. Lasifikar jita da kanta ba ta fitar da abin kirki sama da wajen kilohaz 5. Idan ka kashe IR ka tura kai tsaye zuwa miksa, duk wannan tsinin zai fito, ka ji kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Idan kuma ka bar IR a kunne ka shiga akwatin jita na gaske, ka tace sautin sau biyu ke nan, sai ya dushe. Zuwa miksa: IR a kunne, ka yanke ƙasa (sauti mai kauri) a haz 80 zuwa 100, ka yanke sama (sauti mai tsini) a tsakanin kilohaz 6 da 7. Ka rage gen, wato maɓallin da ke kawo gurnani, ƙasa da yadda kake tsammani, saitin masana'anta yakan cika shi da yawa. Kuma kada ka gyara sautinka da hedfon cikin dare. Kunne ba ya jin ƙasa da sama sosai a ƙaramar ƙara, za ka ƙara su, gobe a wurin taro su dame ka. A ƙarar da za ka yi kiɗa za ka yi saiti.

Jinkiri ba abin damuwa ba ne a na'urar da ake takawa da ƙafa, bai wuce 'yan milisakan ba. Sauti yana cin kusan santimita 34 a milisakan ɗaya, don haka tsayuwa mita biyu daga amfilifaya ya fi shi jinkiri. A kwamfuta ne ake jin sa. Ka sa bafa, wato saitin da ke rage ko ƙara jinkiri, a 64 ko 128, kuma jitar ta shiga ramin Hi-Z na katin sauti, wanda aka yi don jita, in ba haka ba za ta rasa haskenta.

Ƙara ita ce babbar matsalar bawul. Daɗinta ba ya fitowa sai an buɗe ta, kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, ma'ana ko mai wat 15 tana da ƙara ƙwarai. Twin Reverb mai wat 85, kafin ta kai inda take daɗi, mai miksa ya riga ya aiko a ce ka rage. Ga nauyi: wajen kilo 29 ne, ita kuwa Tone Master Twin ta dijital da Fender ta fitar a 2019 wajen kilo 15. HX Stomp, ƙaramar na'urar kwaikwayo ta Line 6, a jakar jita take shiga.

Batun wuta ya fi komai shafarka. Namu bolt 230 ne, yawancin amfilifayoyin da aka yi wa kasuwar Amurka 120 ne. Ka duba bayanta kafin ka jona, in 120 ce sai da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya ninka abin da take ja. Mai bawul tana bin wutar bango yadda ta zo: ta sauka, sauti ya yi laushi ya mutu, ta hau, zaren ɗumama bawul da aka yi wa bolt 6.3 ya sha fiye da ƙima, bawul su tsufa da wuri. Ba a haɗa ta da janareta sai da sitabilaiza. Yawancin na'urorin kwaikwayo suna karɓar 100 zuwa 240, sautinsu ba ya canzawa, kuma wutar da suke ci kaɗan ce. Rauninsu shi ne idan wuta ta ɗauke sai sun sake tashi daga farko, wasu har kusan minti guda, amarya kuma tana tsakiyar fili. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan ta ɗauke, yana maganin wannan. In ka ji gunji bayan ka jona XLR, wato wayar da ke zuwa miksa, ka danna maɓallin GROUND LIFT na akwatin DI da ke tsakaninka da miksa, kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi.

A wajen gyara mai bawul ce a gaba, ba tantama. Da'irarta a buɗe take, zanenta yana intanet, tsohon mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya bin ta. Amma bawul ɗin sai an yi odarsu. Masana'antunsu kaɗan ne, irin su JJ a Sulobakiya da ta Saratov a Rasha, shi ya sa suka yi wuya suka yi tsada a 2022. Manyan bawul ana canza su ne bibbiyu ko hurhuɗu waɗanda aka gwada suka dace, kuma a yawancin Marshall da Fender sai an sake saita bayas, wato yawan wutar da ke bi ta cikin bawul ɗin. AC30 ba ta bukatar haka. Kada a taɓa kunna ta babu lasifika a jone, taransifomar fita ce za ta ƙone, tana kuma cikin kayan da suka fi tsada. Lambar om ta lasifika ta dace da ta ramin amfilifaya: om 8 zuwa om 8, 16 zuwa 16. Cikinta akwai bolt 400 zuwa 500, kafasito kuma suna riƙe wuta bayan an cire fulogi, ba wurin sa hannun ɗan koyo ba ne. Ita kuwa ta dijital ba ta cika lalacewa ba, amma ranar da allonta ya mutu sai dai a tura waje. Ƙurar hunturu tana cin maɓallan ƙafa, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta manhaja na iya sumar da ita. Ka ajiye kwafin saitinka a kwamfuta tukuna.

Ga irin aikinka, Malam, na'urar kwaikwayo za mu ce ka saya. Ba sai babba ba: HX Stomp ko fedar ToneX sun isa. Ragowar kuɗin ka sa a lasifika mai wutar kanta, inci 10 ko 12, ka ajiye ta a bayanka a ƙasa, ita za ta dawo maka da iskar da abokanka suke kewa. In ba ka son shiga allo da menu, Boss Katana tana da lasifikarta da maɓallai irin na da. Mai bawul ta dace da wanda yake da situdiyo ko wuri ɗaya mai tsayayyar wuta, yana da sauti ɗaya da yake so, kuma ba mai hana shi buɗe ta.

In duk da haka zuciyarka na kan ta hannun, ka sa mai ita ya bar ta a kunne minti 30 kana kaɗawa. Ka leƙa baya: ɗan jan haske a tsakiyar bawul daidai ne, amma idan farantin ƙarfen da ke ciki ya yi ja, a kashe nan take. Ka ɗan ƙwanƙwasa ƙananan bawul da fensir, wanda ya yi ƙara a lasifika ya gaji. Ka tabbata fiyus ɗin mai lambar da aka rubuta a jiki ne, ba waya aka naɗa ba, sannan ka cire kuɗin sababbin manyan bawul da na saita bayas daga farashin.