Eindhoven ko Delft: amsa ga ɗan'uwa mai shirin tafiya karatu ƙasar Holan

Ɗan'uwa, ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki a jami'o'i biyu na ƙasar Holan, ɗaya a Eindhoven, ɗaya a Delft, kuma kana son sanin halin garuruwan da yadda hukumominsu suke tafiyar da su kafin ka zaɓa, tun da yake da iyali za ka tafi. Allah ya sanya albarka. Ta fuskar karatu kowacce ka ɗauka ba ka yi asara ba, amma zaman garuruwan biyu ya sha bamban ƙwarai, kuma bambancin ya samo asali ne daga abin da ya gina kowannensu.

Delft tsohon gari ne a lardin Holan ta Kudu, tsakanin Rotterdam da Hague, kuma yawan mutanensa ya ɗan haura 100,000. Tun 1246 ya samu matsayin birni, a cikinsa aka kashe William na Orange, jagoran gwagwarmayar 'yancin ƙasar, a 1584, kuma a cocinsa da ake kira Nieuwe Kerk ake binne 'yan gidan sarautar ƙasar. Hanyoyin ruwa ne suka ratsa tsakiyarsa, gidajen tsofaffi ne masu tsawo da ƙarancin faɗi, kuma duniya ta san shi da tangaran mai shuɗin zane. Jami'arsa, wadda ta faro a 1842, ita ce mafi tsufa kuma mafi girma a cikin jami'o'in fasaha na ƙasar.

Eindhoven kuwa, a lardin Brabant ta Arewa kusa da iyakar Beljiyam, ya riga Delft zama birni da shekara 14, domin a 1232 aka ba shi wannan matsayi, amma ya shafe ƙarnuka yana ɗan ƙaramin garin kasuwa. Abin da ya tayar da shi ƙwan lantarki ne. A 1891 Gerard Philips da mahaifinsa suka buɗe masana'antar ƙwan fitila, ma'aikata suka yi ta kwararowa har garin ya kasa ɗaukarsu, sai a 1920 aka haɗe shi da ƙauyuka biyar da ke kewaye da shi, wato Woensel, Strijp, Stratum, Gestel da Tongelre, waɗanda har yau sunayensu ne sunayen manyan unguwanni. Kamfanin Philips ya gina wa ma'aikatansa gidaje, ya kafa musu ƙungiyar wasanni a 1913, wadda ita ce PSV ɗin da masu kallon ƙwallo suka sani. A 1928 aka aza harsashin kamfanin DAF, wanda manyan motocinsa na ɗaukar kaya ba baƙi ba ne a hanyoyin Kano da Maraɗi. Yau garin ne na biyar a girma a ƙasar, da mutane kusan 250,000.

Kada ka je Eindhoven kana neman kyan gani irin na Delft. Bama-baman yaƙin duniya na biyu, na 1942 da na 1944, sun rushe sassa da yawa na tsakiyarsa, abin da aka gina daga baya kuma siminti ne da gilashi. Duk da haka ni wannan garin ne ya fi kwanta mini, saboda yadda ya tashi bayan ya durƙusa. A farkon shekarun 1990 Philips ya sallami dubban ma'aikata, DAF ya karye a 1993, sannan a 1997 Philips ya yanke shawarar mayar da hedikwatarsa Amsterdam. Garin da uba ɗaya ya rene shi ya wayi gari kamar maraya. Sai ƙananan hukumomi 21 na yankin suka haɗa kuɗi a asusu ɗaya, suka zauna da masu masana'antu da jami'ar fasaha da aka kafa a 1956, suka fitar da tsarin haɗin gwiwa da ake kira Brainport. Daga cikin 'ya'yan da Philips ya bari akwai ASML, wanda aka kafa a 1984, yake zaune a Veldhoven da ke manne da Eindhoven, yana ƙera injunan da ake buga ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta waya da su, kuma a mafi ci-gaban nau'in waɗannan injuna ba shi da abokin gasa a duniya.

Idan ka isa, ka je unguwar Strijp-S da ƙafarka. A da harabar masana'antun Philips ce, ba mai shiga sai da katin aiki, har mutanen gari suna kiranta haramtaccen birni. Yanzu dogayen fararen gine-ginen nan gidajen kwana ne da ɗakunan masu zayyana, tsofaffin bututun masana'anta suna nan a sama ba a cire ba, yara kuma suna wasa a ƙarƙashinsu. Makarantar zayyana ta garin, Design Academy, ita ma ta yi shekaru a cikin tsohuwar masana'antar Philips, kuma kowace Oktoba ana yin makon baje kolin zayyana na ƙasa, kwana tara cur, garin ya cika maƙil da baƙi. A mashigar garin ta ɓangaren Veldhoven kuma akwai Hovenring, shataletalen masu keke da aka buɗe a 2012, wanda aka rataye da igiyoyin ƙarfe a jikin dogon turke guda, motoci suna wucewa ta ƙasa, mai keke yana zagayawa a sama hankali kwance.

Tsarin mulki ɗaya ne a garuruwan biyu. Jama'a suna zaɓen majalisar gari duk shekara huɗu, kujeru 45 a Eindhoven, 39 a Delft, majalisar ce kuma take naɗa masu riƙe da sassa irin su gidaje da sufuri da kuɗi. Magajin gari ba a zaɓensa da ƙuri'ar jama'a: majalisa ce take ba da sunansa, a naɗa shi da takardar sarki na shekara shida. Baƙo irinka yana samun damar jefa ƙuri'a a zaɓen gari idan ya cika shekara biyar yana zaune bisa ƙa'ida. Bambancin yana wurin nauyin muryar kowane gari. Tun 2022 magajin garin Eindhoven shi ne Jeroen Dijsselbloem, tsohon ministan kuɗi na ƙasar, kuma a 2024 gwamnatin tsakiya da yankin suka amince da kashe Yuro biliyan 2.5 a kan gidaje da hanyoyi da horar da ma'aikata, domin kada ASML ya kai faɗaɗawarsa wata ƙasa. Delft ba shi da irin wannan madogara. Babban aikinsa na wannan zamani shi ne mayar da layin dogo ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 2015 tare da sabuwar tasha da ofishin hukumar gari a samanta. Aikin ya yi kyau, amma ya jijjiga baitulmalin garin na tsawon shekaru.

Delft yana da nasa fifikon, kuma ba ƙarami ba ne ga mai iyali. Cikin kusan minti 15 jirgin ƙasa zai kai ka Rotterdam ko Hague, inda ofisoshin jakadanci suke, da manyan masallatai, da shagunan kayan abincin Afirka. Eindhoven yana da masallatai da mahautan halal, amma tafiya Amsterdam daga can ta haura sa'a guda. Da fanninka ruwa ne ko gine-gine ko jiragen sama, da Delft zan ce maka ba tare da jinkiri ba, domin a can cibiyar IHE take, inda 'yan Afirka da yawa suka koyi sarrafa ruwa.

Amma kai lantarki za ka karanta, kuma ga wannan fanni Eindhoven nake ba ka shawara, saboda kamfanonin da za ka yi aikin gwaji da binciken kammalawa a cikinsu suna inda keke zai kai ka. Abu ɗaya ne zan ja kunnenka a kai, wato gida. Bunƙasar garin ta sa haya ta yi wuya, kuma doka ta ce wanda zai zauna fiye da wata huɗu ya yi rajista da hukumar gari cikin kwana biyar da isowarsa, a nan ne ake ba shi lambar shaidar zama da ake nema wajen albashi da haraji da inshorar lafiya. Rajistar tana buƙatar adireshi na gaskiya, saboda haka duk gidan da mai shi ya ce ba za ka yi rajista da shi ba, ka bar masa kayansa komai arharsa. Ka fara nema tun yau, ka faɗaɗa har Veldhoven da Helmond da Best, kuma kada ka saya wa iyalinka tikiti sai yarjejeniyar haya ta shigo hannunka.