Wasiƙa daga Toronto: an sauya mana jiragen titi

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. A gaida Inna da kyau.

Ka tambaye ni da me nake zuwa aiki tunda ban sayi mota ba. A tsakiyar Toronto abin hawanmu jirgi ne da ke bin dogon da aka shimfiɗa a kan kwalta, yana jan wuta daga wayar da ke sama, motoci suna bin gefensa. Hukumar sufurin birnin, TTC, ke gudanar da shi.

Tsofaffin jiragen sun fara aiki a 1979, ba a ajiye na ƙarshensu ba sai Disamban 2019. Shekara 40 cur! Sun tsufa kam. Sai ka taka matakala kafin ka shiga, mai keken guragu ba shi da rabo, mai goyo a keken jarirai kuma sai an kama mata. In sanyi ya tsananta, bututun iskar da ke buɗe ƙofa da riƙe birki kan daskare, jirgi ya kwana a gareji.

Tun 2009 aka ba kamfanin Bombardier kwangilar sababbi guda 204, samfurin Flexity. Na farko ya hau titin Spadina a 2014, amma aka yi ta jan ƙafa wajen kawo sauran, har sai da aka riƙa sa bas a wasu layuka don cike gurbi. Ashe jinkirin ɗan kwangila ba a gida kaɗai yake ba. A 2021 an ƙara odar wasu 60.

Sabon ya kai mita 30, ninkin tsohon, gaɓa biyar, yana lanƙwasa a kwana kamar maciji. Ƙasansa dab da titi, ga gadar da ake sauke wa mai keke, ga na'urar sanyaya ɗaki. Babu kwandasta, babu rigimar canji irin ta 'yan A Daidaita Sahu. Ta kowace ƙofa za ka shiga, ka manna katin Presto, kuɗin nan ya ɗauke ka awa 2 ko da ka sauya zuwa bas ko jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wanda bai biya ba, in masu duba kati suka kama shi, tara ce mai zafi.

Sai dai fa gudu bai ƙaru ba. A titin Queen, mota ɗaya mai jiran juyawa hagu ta isa ta tsayar da mutum sama da ɗari. A titin King ne abin ya yi sauƙi, don tun 2017 aka hana ƙananan motoci miƙewa ta tsakiyarsa. Shi ya sa in ina sauri nakan ƙara 'yar tafiya a ƙasa in hau na King.

Ka gaya mini nawa ake biya yanzu daga Kabuga zuwa Bata.

Ƙaninka.