Rage sitaci ko keto: wanne zai karɓi mai son sauke teɓa a ƙasar tuwo?

Wanda likita ya ce wa sugan jininsa ya fara hawa, ko wanda teɓa ta sa yake haki in ya sunkuya, da ya shiga Facebook neman mafita zai ci karo da tsari biyu: rage sitaci da kuma keto. Mutane da yawa a Garwa da Marwa suna ɗaukar su abu guda, har wani ya ce yana keto alhali shinkafa kawai ya bari ya koma wa tuwon masara. Ba ɗaya ba ne, kuma kafin ka sauya cefanen gidanka ya kamata ka san abin da kowanne zai ci maka da abin da zai ba ka.

Bambancin na awo ne. Mai rage sitaci yana riƙe abin da yake ci na sitaci da suga ƙasa da giram 130 a yini. Mai keto kuwa ba ya wuce giram 50, wasu ma a giram 20 suke tsayawa. Idan sitaci ya yi ƙaranci haka, hanta takan juya ga kitse ta narka shi ta fitar da wasu sinadarai da ake kira keton, ƙwaƙwalwa da tsoka su riƙa aiki da su a madadin suga. Daga nan sunan ya fito. Tun asali ma ba don ƙiba aka ƙirƙiro shi ba. Likita Russell Wilder na asibitin Mayo da ke Amurka ne ya tsara shi a 1921 domin masu farfaɗiya, kuma har yau ana amfani da shi ga yaran da magani ya kasa tsayar musu da ciwon. Daga baya ne, musamman bayan likita Ba'amurke Robert Atkins ya yi tashe da littafinsa na rage ƙiba a 1972, masu neman rage ƙiba suka rungume shi.

Ga abin da ake so a gyara. Duk abin da muka ci mai sitaci ko zaƙi, jiki na mayar da shi suga ya zuba a jini, sai wata gaɓa da ke kwance bayan ciki, fankiriyas, ta saki insulin don ya shigar da sugan cikin tsoka da hanta. Idan kitse ya taru a hanta da kewayen hanji, sai tsoka da hanta su daina jin maganar insulin sai an ninka musu shi. Fankiriyas ta yi ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru, takardar gwaji tana nuna komai lafiya, har ranar da za ta gaza a ce ciwon suga ya kama mutum. Kafin a kai can akwai alamu: ƙugu ya wuce rabin tsawon mutum, bayan wuya da hammata su yi baƙi su yi kauri kamar datti amma wanka ba ya fitar da shi, hawan jini ya fara leƙowa, wasu mata kuma al'adarsu ta rikice. A ɗakin gwajin asibitocinmu da giram a lita ake rubuta sakamako. Suga na safe kafin a ci komai in ya kai 1.26 a gwaji biyu, ciwon suga ne. Daga 1.10 zuwa 1.25 kuwa mutum yana bakin ƙofa.

Mu tsaya teburin mai shayi da safe mu yi lissafi. Rabin burodi dogo ya haura giram 50 na sitaci. Ƙwayar suga uku a kofi wajen giram 15. Madarar gwangwani mai zaƙi, wadda fiye da rabinta suga ne, cokali biyu sun ƙara kusan 20. Ƙarfe takwas ba ta yi ba, mutum ya ci sama da giram 80. Ga mai keto ya cinye fiye da rabonsa na yini ɗaya da rabi ke nan. Ga mai rage sitaci saura masa ɗan abin da bai kai tuwon dare ba. Amma a teburin nan akwai ƙwai, wanda kusan babu sitaci a cikinsa. In aka soya biyu ko uku da albasa da tumatir, aka sha shayi ba suga da madarar gari kaɗan, aka bar burodin ko aka ɗauki ɗan yanki, lissafin ya faɗo ƙasa da giram 25, kuma yunwa ba za ta taso ba sai bayan azahar. Wannan gyara guda ɗaya ya fi duk wani garin magani da ake tallata wa mutane.

Rage sitaci a gidajenmu ba ya buƙatar tukunya ta dabam, kuma wannan ce babbar fa'idarsa a wurina. Garin dawa ko gero ko masara giram 100 yana ɗauke da sitaci wajen giram 70, malmala matsakaiciya kuwa takan kai giram 40. Wanda ya saba cin uku sai ya koma ɗaya, ya ce a cika masa miya: kuka, kuɓewa, yakuwa, lalo, tafasa, duk kayan miya ne da sitacinsu bai taka kara ya karya ba. A ƙara kifi ko nama gwargwadon hali, a sa kwaɗon zogale ko na rama a gefe. Wake yana nan, domin duk da akwai sitaci a cikinsa wajen giram 20 a kowane giram 100 na dafaffe, yana da furotin da dusa masu hana suga tashi da sauri. Ƙosai ya fi fanke nesa ba kusa ba. Kindirmo ba suga ya halatta, gyaɗa ma haka, goba da gwanda da lemo kaɗan ba laifi. Abin da ake sallama gaba ɗaya shi ne lemon kwalba, wanda ƙaramar kwalba ta santilita 33 ke da suga wajen giram 35, da zoɓo mai zaƙi, da shayin yamma da ake zuba wa suga har ya yi danƙo, da kunun da ake sha kofi bayan kofi.

Keto kuwa sai an yi bankwana da tuwo kowane iri, da shinkafa, burodi, taliya, dankali, rogo, fura, kunu, dabino, mangwaro, har da wake. Abin da ya rage shi ne nama, kifi, ƙwai, ganye, man gyaɗa, man shanu, piya da gyaɗa kaɗan. Ko kilishi sai an tambaya, don wasu masu yin sa suna sa suga a cikin haɗin. Mutumin Garwa yana da kifin Binuwai da na Lagdo, na Ngawundere yana da nama da nono, amma kowa ya san mudun masara na ciyar da gida, kuɗinsa kuwa ba zai sayi naman da zai ƙosar da mutum ɗaya ba. Sai kuma zaman jama'a. Ana suna, ana ɗaurin aure, ka ziyarci gwaggonka ta kawo maka fura da hannunta. Mai rage sitaci zai kurɓa ya yi godiya ya rage wani abu da dare. Mai keto in ya sha ya fita daga tsarin, sai ya sake kwana biyu zuwa huɗu kafin jikinsa ya koma yin keton.

Me ya sa keto ya yi suna haka? Domin a makon farko sikeli yana sauka da sauri, kilo biyu ko uku. Sai dai yawancin wannan ruwa ne. Jiki yana ajiye suga kusan rabin kilo a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa wajen giram 3. In ajiyar ta ƙare ruwan ya bi fitsari, ranar da aka koma tuwo kuma ya dawo. Gaskiya ne keto yana kashe kwaɗayi ga mutane da yawa, yana kuma sauke sugan jini da kitsen jini na tirigilisarid cikin hanzari. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A binciken da Christopher Gardner na jami'ar Stanford ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2018, an raba mutum 609 gida biyu na tsawon shekara guda. Masu rage sitaci sun sauke kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5.3, wato kusan daidai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, masu rage sitacin da giram 20 aka fara su, aka ce kowa ya riƙa ƙarawa har ya kai inda zai iya zama, kuma a ƙarshen shekara wajen giram 130 suka tsaya. A 2022 wannan malami ya gwada keto da wani tsari mai yarda da cin wake da 'ya'yan itace da hatsin da ba a surfe ba, a kan masu ciwon suga da waɗanda ke dab da shi, mako 12 kowanne. Sugan jini ya sauka kusan daidai a duka biyun, sai dai mugun kolestarol, LDL, ya hau a lokacin keto.

Abin da ke gyara jin maganar insulin tun daga tushe shi ne kitsen hanta ya ragu, ko ta wace hanya. A binciken DiRECT na Birtaniya a 2017, kashi 46 cikin ɗari na masu ciwon suga nau'i na biyu, wato irin wanda muka bayyana a sama, da aka sa a tsarin rage nauyi sun kai shekara sugansu daidai ba tare da magani ba, a cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne. Ba keto suka yi ba, abinci aka rage musu ƙwarai. Ko sauke kashi 5 zuwa 7 na nauyin jiki, haɗe da tafiyar minti 30 yawancin kwanakin mako, yana rage haɗarin kamuwa da ciwon sosai ga wanda ke bakin ƙofa.

Inda nake roƙon mai karatu ya natsu shi ne batun magani. Wanda ke yin allurar insulin, ko yake shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ko gliclazide, idan ya yanke sitaci farat ɗaya ba a rage masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Masu shan maganin suga na dapagliflozin ko empagliflozin kada su kusanci keto, domin jininsu na iya yin tsami mai haɗari alhali na'ura tana nuna suga daidai. Metformin shi kaɗai ba ya yawan jawo faɗuwar suga, amma duk da haka a sanar da likita. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya (wanda jikinsa ya daina yin insulin), mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, yaro mai tasowa, duk keto ba nasu ba ne sai da likita tsaye a kansu. Ga kuma yanayinmu. Keto yana sa ƙoda ta zubar da ruwa da gishiri, shi ya sa ake fama da ciwon kai, jiri, kasala da taurin bayan gida a farkonsa. Fara shi a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Kusiri da Njamena, ganganci ne, balle ga ɗan acaɓa ko manomi ko mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Haɗa farkonsa da azumin watan Ramadan ma ban ba kowa shawara ba.

Game da kayan sayarwa, ƙwayoyi da shayi da kofi masu sunan keto da ake tallatawa a WhatsApp ba sa narkar da kitsen kowa, kada ka ba su sisinka. In za ka kashe kuɗi, sayi tef ɗin tela na awon ƙugu, da na'urar gwada suga a kantin magani, amma ka fara tambaya ko ana samun tsinkayenta da ake ɗiga wa jini a garinku, don su ne ke cin kuɗi a kai a kai. Gwada kanka kafin cin abinci da awa biyu bayansa. Gani ya kori ji: za ka san da kanka yadda jikinka ke karɓar shinkafa da yadda yake karɓar tuwon dawa da miyar yakuwa.

Zaɓina ga yawancin mutanenmu shi ne rage sitaci, tsakanin giram 100 zuwa 130, a tukunya ɗaya da iyali. Keto na bar wa wanda ƙibarsa ta yi yawa ko sugansa ya ƙi sauka, yana da halin sayen nama da kifi kullum, yana kuma da likitan da zai duba masa ƙoda da kolestarol kafin farawa. Shi ma ya yi shi na wata biyu ko uku cikin sanyin hunturu, sannan ya dawo da wake da malmala ɗaya a hankali. Ko wanne ka ɗauka, yi gwajin HbA1c a ranar farawa, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata uku, ka rubuta awon ƙugunka, sannan ka maimaita su bayan wata uku ka kai wa likita ya duba ko lokacin rage magani ya yi.