Perugia ko Siena: Inda Ya Fi Dacewa a Koyi Italiyanci Cikin Gajeren Zama

Duk wanda ya yi niyyar zama na wata ɗaya ko biyu a Italiya domin koyon harshen ƙasar, ba ya rasa jin sunan biranen Perugia da Siena, saboda kowannensu yana da jami'ar gwamnati da aka keɓe wa baƙi. Ta Perugia tana ba da takardar shaidar iya Italiyanci mai suna CELI, ta Siena kuma mai suna CILS, duka biyun karɓaɓɓu ne.

Siena tana yankin Toskana, tushen daidaitaccen Italiyanci, amma mutanen gari suna sassauta sautin "k" tsakanin wasula har ya koma kamar "h", abin da kan rikita sabon ɗalibi a kasuwa. Ga kuma cunkoson 'yan yawon buɗe ido, musamman lokacin sukuwar Palio a ranakun 2 ga Yuli da 16 ga Agusta, inda mai shago kan amsa wa baƙo da Turanci tun bai gama haɗa jimlarsa ba.

Perugia, babban birnin yankin Umbria, ta fi girma, tana da ɗalibai da yawa, sai dai hawa da gangara sukan gajiyar da mutum. A ganina ita ce ta fi tilasta wa baƙo buɗe baki ya yi magana.