Masu dawaki a Garwa da Marwa, hattara da mai tallan "abincin duƙushi na Faransa"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu dawaki, na Garwa da Gidar da Marwa har Kusseri da na tsallaken ruwa a Njamena. Dan Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura ma wanda ya san yana da goɗiya mai ɗa, ko wanda ya sayi duƙushi kwanan nan. Akwai wani mutum da ke yawo a gurup-gurup na WhatsApp da Facebook yana tallan buhun abinci wai na musamman ne dan duƙushin da aka yaye, wai daga Faransa ake kawo masa, wani sa'in kuma ya ce Maroko, ya danganta da wanda yake ma magana. Ban sa suna ba saboda sunan da yake bayarwa ba ɗaya bane, nimero ma canzawa yake, amma salon nasa ɗaya ne ko'ina, shi zan faɗa muku.

Da farko bidiyo yake turowa na wasu dawakin Larabawa masu sheƙi ana wanke su, ya ce ai duk kayansa suka ci. In ka nuna sha'awa sai ya tambayi watannin duƙushinka, ya ce turo hoto, kana turawa sai ya fara salati, "Subhanallahi Alhaji, wannan in ka bar shi wata ɗaya a haka ƙashinsa ya tsaya kenan, ba zai ƙara tsawo ba." Daga nan ya ce buhu kaɗan ya rage, manyan barga sun kwashe, ka tura rabin kuɗi abansi ta Orange Money ko MoMo, sauran in kaya sun iso ajans, wato ofishin kamfanin motar da ke kawo saƙo. Buhu ɗaya jaka 35 yake cewa, in kun yi ciniki ya sauko 30 yana rantsuwa wai faɗuwa ya yi. Wanda yake nesa sosai ko buhun ma ba ya gani, kuɗi na shiga ya toshe shi. Na kusa kuwa, wanda yake tsoron za a iya nemo shi, sai ya fara aiko masa da samfur a leda, kaya mai kyau mai ƙamshi, sannan buhun ya biyo baya da rubutun Faransanci a jiki, ba ranar da aka yi shi, ba ranar lalacewa, ba adireshin kamfani, bakin kuma da hannu aka sake ɗinke shi. Saman buhun irin na ledar ne, kamar tsawon hannu, abin da ke ƙasa shi ne bala'in.

Baffana na cikin waɗanda abin ya faɗa ma. Dattijo ne da ya tashi cikin dawaki, ba baƙo bane a harkar, amma duƙusarsa ce ta farko daga goɗiyar da yake ji da ita, kuma ta faɗa sosai bayan yaye, hankalinsa ya tashi. Da aka ci saman buhun aka shiga ƙasa sai zawo, sai ta daina cin abinci, tana kallon cikinta tana kwanciya tana birgima tana tashi, gumi sharkaf. Allah ya sa likitan dabbobi ya zo da wuri, ta rayu, amma har yau ba ta koma daidai ba. Na wani bawan Allah kuma can wajen Marwa, wanda ya sayi buhu a hannun mutumin nan, nasa bai tashi ba, Allah ya mayar masa da alheri.

Likitan ne ya ce a zazzage buhun a kan tabarma. Wallahi abin takaici. Ɓuntun shinkafa, dusa, ɓarzajjiyar masara da ta yi fumfuna har tana wari, garin turto na auduga (tunkuzar irin auduga da aka matse mai), wani abu mai kama da sharar abincin kaji, sannan yashi dan buhun ya yi nauyi. Ya ɗebi tafi ɗaya ya zuba a roba da ruwa ya motsa, ɓuntun ya taso sama, yashin ya kwanta a ƙasa kowa na gani. Wannan gwajin kowa zai iya yi a gida kafin ya ba dabbarsa komai, kuma daga gindin buhu za ka ɗiba, kar ka ɗiba daga sama.

Wasu na cewa ai kuɗi ne kawai aka ci, a bar shi da Allah. A'a 'yan uwa, wannan kayan kisa yake. Doki ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa sai dai ya bi hanji ya fita ko ya tsaya, kuma tumbinsa ƙarami ne in aka dubi girman jikinsa, balle na duƙushi. Yashi taruwa yake a babban hanji ya toshe, shi ke kawo irin ciwon cikin nan. Masara mai fumfuna tana iya ɗauke da wata guba da ake ce ma fumonisin, a doki ƙwaƙwalwa take taɓawa, ka ga dabba tana zagaye wuri ɗaya ko tana dafa kai a bango ko ta makance, kuma in ta kai nan da wuya ta tashi. Abincin kaji da na shanu kuma akwai wanda ake sa ma wani magani monensin, kaza da saniya suna ɗauka, doki kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi ya lalata masa zuciya. Turto duk mun san shi a nan ƙasar auduga, masu shanu da shi suke tsallake rani kuma yana musu aiki, saboda cikin babbar saniya na iya rage dafin gosifol da ke cikin irin auduga. Cikin duƙushi ba haka yake ba, shi ya sa ba a cika masa ciki da shi.

Abin da mutumin nan ke ci da shi tsoron mu ne. Duƙushi in aka raba shi da uwa, galibi tsakanin wata 4 zuwa 6, dole ya ɗan faɗa, yana kuka yana neman uwa, cin abinci ya ragu, gashi ya tashi, wani ma ciki ya yi tulu. Mai shi na kallo, ga abokai na zuwa barga suna magana, ga burin wata rana a gan shi a kai ranar hawan sallah gaban fadar Lamiɗo, sai ya fara neman abin da zai cika dabba cikin sati biyu. To babu wannan abin, kuma ko da akwai cuta ne. A wata 6 duƙushi ya riga ya kai wajen kashi 80 cikin 100 na tsayin da zai yi, amma nauyinsa bai kai rabi ba, wato ƙashi da gaɓoɓi ne ke aiki a lokacin. In ka ɗura masa hatsi ya yi ƙiba da sauri, nauyin kan gaɓoɓin da basu ƙosa ba yake sauka, sai kumburin gwiwa da ɗingishi da karkacewar ƙafa, dokin da ka so ka yi ado da shi ya tashi da aibin da zai bi shi har tsufa. Ni gara in ga duƙushi ɗan siriri mai kuzari, ana jin haƙarƙarinsa in an shafa amma ba a hango su daga nesa, da in ga wanda ya cika taf yana tafiya da ƙyar.

Kuma abin da yake bukata duk yana kasuwanninmu, ko Pitowa ka je ranar Lahadi ka haɗa. Harawar gyaɗa da ta wake masu ganye, busassu, marasa fumfuna, da ciyawa mai tsabta, su ne ginshiƙi, kar gabansa ya rabu da su. Yanzu ma shawara, mai hali ya tara harawa tun bayan girbi, dan in zafin Maris da Afrilu ya shigo kun san yadda take tsada. A rana duƙushi na cin wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa, misali mai kilo 120 wajen kilo 3 kenan, rabi ko fiye ya zama harawa da ciyawa. Hatsi, gero ko dawa ko masakwa, a ɓarza a raba masa sau biyu ko uku, kar a zube masa lokaci ɗaya. Yana son furotin kamar kashi 14 zuwa 16 cikin 100 a abincinsa, kuma waken soya da aka soya ko turtonsa ya fi komai a nan, ɗanye dai kar a ba shi. Ƙuli-ƙuli ma yana taimakawa in mai kyau ne ba yaji ba fumfuna.

Dusa kuma dan Allah a rage dogaro da ita, na san tana da araha kuma doki na sonta. Fosforas ya mata yawa, kalsiyam kaɗan ne, in ita ce abincin kullum jiki sai ya riƙa janye kalsiyam daga ƙashi, ƙasusuwan fuska su kumbura, ƙafa ta yi rauni. Harawa ce ke cike wannan giɓin. Kanwa da gishiri da iyayenmu ke bayarwa suna da amfaninsu daidai gwargwado, amma kanwa ba ta maye gurbin kalsiyam. Ruwa mai tsabta kullum, a kuma sake shi ya yi gudu, kar ya wuni a turke. Tulun cikin nan da mutumin ke nuna ma mutane a hoto yana tsorata su, sau da yawa tsutsar ciki ce, sai dai a bar likita ya auna maganin, dan in tsutsa ta yi yawa aka kashe ta lokaci ɗaya tana iya toshe hanji. Duk sabon abinci kuma, ko mai kyau ne, a hankali ake shigar da shi cikin kwana 7 zuwa 10.

Wanda ya riga ya sayi buhun ya dakatar yau ɗin nan, kar ya ce bari a ƙarasa tunda an biya, kar kuma ya juye ma jaki ko awaki. Kar a zubar, a ɗaure bakin a ajiye shaida ne. In dabba ta ci, ko bata nuna komai ba a kira likita ya duba ta, akwai likitocin gwamnati na ma'aikatar kiwon dabbobi, wato MINEPIA, a garuruwanmu, akwai masu zaman kansu. Saƙon tura kuɗi da ke wayarka, resin ajans, muryoyin da ya turo, hoton buhu, duk kar a goge. Baffa ya ce shi zai kai ƙara wajen jandarma, kuma ƙarar mutum ɗaya ba kamar ta mutum goma bace, dan haka duk wanda mutumin nan ya taɓa, ko kuɗi kawai ya ci masa, ya min magana ta inbos mu haɗa takardun mu tafi tare. Masu kula da gurup kuma dan Allah in kun ga tallan ku cire shi.